Kafin mu kafirta yaro saboda watan da ke cikin ordinatar



Makon jiya muna cikin shirinmu na dare sai wata uwa ta bugo waya, muryarta na rawa. Ɗanta mai shekara 17, ɗan lise, kawunsa ya tarar da shi gaban ordinatar yana rubutu da faransanci, a allon kuma ga wata mace mai dogayen kunnuwa ta ɗaga hannu wajen wata. Kawu ya ce mene ne wannan? Yaro ya ce wasa ne, matar wata take bauta wa. Kalmar bauta kaɗai ta shiga kunnen kawu. Ya fasa ordinatar ɗin, ya zane yaron, ya ce ba ya ƙara sa hannu a kwanon gidan sai ya sake kalmar shahada. Kwana biyu bayan haka vokal ya fara yawo a grup-grup na WhatsApp, wai Turawa sun turo sabon addini ta intanet, yaranmu na yi wa wata sujada da dare.

Mu ba mu yarda da wannan vokal ba, kuma ba mu yarda da abin da kawu ya yi ba.

Mun je mun zauna da yaron da abokansa a fadarsu, har shayi na uku. Wasan sunansa World of Warcraft. Kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da shi a 2004, a 2010 masu biyan kuɗinsa sun kai miliyan 12. Ƙagaggiyar duniya ce mai suna Azeroth, da ƙabilunta da yaƙe-yaƙenta. Daga cikin ƙabilun akwai Kaldorei, masu dogayen kunnuwan nan, waɗanda labarin ya ce suna bin wata allahiyar wata mai suna Elune, shugabar masu yi mata hidima kuma ita ce Tyrande. Suna da ɗakin bauta a birninsu Darnassus, bisa wata ƙatuwar itaciya, a 2018 marubutan wasan suka sa aka ƙone itaciyar da birnin gaba ɗaya don labari ya ci gaba. Kun ji fa. Abin da ma'aikata suka zauna a ofis suka rubuta, suka ƙone masa ɗakin bauta ranar da suka ga dama, shi ake ce mana addini. Kuma sararin samaniyar Azeroth wata biyu gare shi, fari da shuɗi. To wanne daga ciki yaran Maraɗi suke wa sujada?

Galibin ƴan wasan kashe dodanni suke suna tara kaya, babu ruwansu da Elune. Kaɗan ne ke yin abin da yaron nan yake yi: ka ƙirƙiri mutum, ka ba shi suna da asali da hali, ka riƙa magana da bakinsa tare da wasu. Masu jin faransanci suna da dandalinsu na wannan a cikin wasan, kamar wanda ake kira Kirin Tor. Kuma suna da ƙa'ida: in mutum zai yi magana a matsayin kansa, misali ya ce bari in je in dawo, sai ya sa alama, su suna cewa HRP, don kowa ya san yanzu ba ɗan wasan ke magana ba. Su da kansu sun shata iyaka tsakanin mutum da rigar da ya ara.

Shin wannan baƙon abu ne a wurinmu? Mu da muka tashi da wasannin Yazi Dogo da abokansa a Télé Sahel? Mu da ƙannenmu ke liƙa gemun auduga lokacin tashe su zama tsofaffi? A Damagaram ana wasan kara, matasa su yi shigar manya. A fina-finan Kano nawa muka ga mutum ya fito a boka, da ƙwarya da jan ƙyalle, yana kiran aljanu, an gama ɗauka ya yi alwala ya bi jam'i? Ba mu taɓa jin an hana shi tuwo a gidansu ba. Me ya sa da abin ya koma cikin ordinatar, da faransanci, sai hankalinmu ya tashi? Gaskiyar ita ce ba mu gane abin ba, maimakon mu yi tambaya sai muka ɗauki bulala.

Kada wani ya ce mun raina maganar shirka. Mun san aya ta 37 a Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana da wata, mun san ƙissar Annabi Ibrahim (AS) a Suratul An'am, da ya ga wata ya fito ya kuma faɗi. Amma malaman da suka karantar da mu wannan, su ne suka karantar da mu cewa jifan musulmi da kafirci ba ƙaramin abu ba ne, kalmar tana iya komowa kan mai faɗinta. Wanda ya yi vokal ɗin nan ya ga yaron? Ya tambaye shi abin da ke zuciyarsa? Uwar ta ce yaron ba ya fashin sallah, har asuba shi ke tada ƙannensa.

Ku kuma samari, ba mu wanke ku tas ba. Yaron ya nuna mana abin da ya rubuta, kuma a ciki akwai wurin da ya tsara roƙo da hannunsa, ɗan wasansa na neman tsari wurin Elune. Mun gaya masa a gaban abokansa: wannan bai kwanta mana ba. Wasan bai tilasta maka ba, babu maki da ake ba ka. Kana iya cewa matar ta shiga ɗakin bautarsu ta fito, labari ya wuce, kamar yadda mai tatsuniya ke yi. Kana ma iya ƙirƙirar maƙeri ko maharbi da babu ruwansa da wata. Hukuncin rubuta irin wannan roƙo da sunan wasa kuwa, ba aikin mai gabatar da shiri ba ne. A kai wa malami, amma a kai masa abin yadda yake, da bayanin yadda wasan ke tafiya, kada a kai masa vokal na minti biyu.

Abin da ya kamata kawu ya tambaya shi ne kuɗi da lokaci. Wasan nan ana biyansa duk wata, wajen Yuro 13, kusan jikka takwas da rabi ke nan, ban da forfe na intanet. Ɗan lise ina yake samun wannan? Ƙarfe nawa yake kwanciya, ga bak na tafe? Da muka tambaya, ya sunkuyar da kai. Kuɗin darasin yamma ne yake karkatarwa, wata uku ke nan. Wannan ita ce ɓarnar da ke gidan, kuma babu wanda ya gano ta, don kowa ya tafi farautar masu bautar wata. Yawancin yaranmu ma ba su taɓa ganin wannan wasa ba, sai da ordinatar mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa. Free Fire da PUBG ne a salularsu, nan kuɗin forfe ke ƙonewa, amma ba mu ji vokal a kansu ba.

Yaron yanzu yana gidan kakarsa, ya ce ba ya komawa inda aka kira shi arne a gaban ƙannensa. Ordinatar ɗin da aka fasa na yayarsa ne, a ciki take rubuta aikinta na ƙarshe na jami'a. Mun nemi kawun ya shigo shirin ranar Alhamis ya faɗi nasa, har yanzu bai ɗauki wayarmu ba.