LAFIYAR IYALI: Ɗaga Ƙarfe da Lissafin Kalori

A wannan wata za mu yi magana a kan samarinmu, har da waɗansu magidanta, masu ɗaga ƙarfe domin su rage tumbi. Da yawa suna ɗaura agogon hannu mai ƙidayar kalori. In sun gama sai su duba lamba, su ce yau sun ƙone da yawa, su zauna su ci son ransu. Wata ya wuce, tumbi yana nan.

Kalori dai ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki ne. Kalori 1 shi ne zafin da zai ƙara wa ruwa lita 1 ɗumi digiri 1. Mutum mai nauyin kilo 70, ko yana zaune, yakan ƙone wajen 70 a awa guda. In ya ɗaga ƙarfe a hankali na rabin awa, wajen 120 ne. In da ƙarfi sosai, wajen 210. To, babban cokali 1 na man gyaɗa wajen 120 ne, kwalbar lemo kuwa wajen 150. Ashe kwalba guda ta isa ta cinye wahalar rabin awa.

Agogon fa? A 1 cikin binciken da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2017, an gwada iri 7. Yawancinsu sun ƙidaya bugun zuciya daidai, amma wajen kalori, wanda ya fi kyau ya yi kuskuren kashi 27 cikin 100, mafi muni kuwa 93. Agogo daga bugun zuciya da motsin hannu yake kintace. Mai ɗaga ƙarfe kuwa zuciyarsa takan yi sauri saboda yunƙuri, har lokacin da yake hutawa.

Kada wannan ya sa mu ajiye ƙarfe. Amfaninsa yana cikin tsoka da ƙashi: yana ƙarfafa su, yana taimakon jiki wajen sarrafa sukari, yana riƙe mutum da ƙafafunsa ranar tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara su yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Saboda haka mu sami ƙaramin littafi, mu riƙa rubuta nauyin da muka ɗaga da sau nawa. Mu auna ƙugu da igiyar tela sau ɗaya a wata. Uwargida ta rage mai a miya. Kada a riƙe numfashi wajen ɗagawa, mai hawan jini kuma ya ga likita tukuna.

Jikin nan amana ce daga Allah. A sujadar iyali mu karanta 1 Timoti sura 4, mu ga matsayin da Manzo Bulus ya ba motsa jiki, da abin da ya ɗora a bisansa. Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.