Abota da manya ba roƙo ba ce

Masu karatu, akwai wata magana da mutane ke yawan faɗi in sun ga saurayi mai alƙalami shina bin wani babban mutum. Sai su ce maroƙi ne, abin tuwo shike nema. Sau da yawa gaskiya suke faɗi. Amma ba kullum ba, kuma labarin wani yaron Faransa mai suna Faransuwa Turufo ya isa shaida.

An haifi Turufo a birnin Pari a 1932. Ya bar lakkwal shina da shekara 14, ba shi da wurin zama sai ɗakin silima. An taɓa kai shi gidan horon yara, daga baya ya gudu daga aikin soja anka sa shi kaso. Wanda ya fid da shi shi ne Andire Bazan, ɗaya daga cikin waɗanda sunka kafa jaridar silima Cahiers du cinéma a 1951. Bazan ya ba shi ɗaki cikin gidansa, ya ba shi fili cikin jarida. Yaron kuwa ya fito da kaifin baki: a 1954 ya rubuta wani sharhi inda ya caccaki manyan masu silima na Faransa, har a 1958 anka hana shi shiga bukin silima na garin Kan. Shekara guda bayan haka ya koma bukin da dogon fim nasa na farko, Les 400 coups, ya karɓi kyauta. Bazan bai ga wannan rana ba, don ya rasu a 1958 daidai lokacin da anka fara ɗaukar fim ɗin.

Wanda ke zagin manyan gida ba ya kama da maroƙi. To me ya kai shi ƙofar Alfared Hicikok? A lokacin nan masu sharhi na Amurka suna ɗaukar Hicikok mai tsorata mutane don neman kuɗi kurum, ba gwani ba. Turufo bai yarda ba. A 1962 ya rubuta masa takarda shina neman a zauna, Hicikok ya amsa da waya cewa takardar ta sa shi hawaye. Ran 13 ga watan Agusta, ranar da dattijon ya cika shekara 63, sunka fara zama a Holiwud, da wata mata Helen Sikot tana yi musu tafinta. Sun yi kamar mako guda, tun safe har maraice, na'ura tana ɗaukar magana. Saurayin bai je hannu sake ba: ya sake kallon finafinan, ya shirya tambayoyi ɗaruruwa. Me ya sa ka ajiye kamara nan ba can ba? Don me ka bari mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba? Irin tambayar da ba ta fitowa sai daga bakin wanda ya san sana'a. Littafin ya fito a 1966, kuma har yau masu koyon aikin silima na karatunsa. Hicikok ya rasu a 1980, Turufo a 1984 shina da shekara 52. Da ya ce bari sai gobe, da sanin ya bi mai shi kushewa.

Sai dai a faɗi ɗaya gefen, don abota tana da farashi. Wanda ka ci tuwon gidansa, alƙalaminka kan yi nauyi a kansa. Akwai wuraren da Hicikok ya ce a kashe na'ura, aka kashe. Littafin ya bayyana gwanin, bai tono halin mutumin ba. A 2016 Tipi Hediren, wadda ta yi wasa cikin finafinansa biyu na wancan zamani, ta rubuta cikin littafinta irin matsin da ta ce ya yi mata. Ni dai a ganina wannan bai rushe aikin Turufo ba, amma ya nuna cewa littafin aboki shaida guda ne, kuma alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda.

Mu ma nan Nijar ba baƙi ba ne ga wannan magana. Umaru Ganda shina dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan Jan Rush ya gamu da shi, ya sa shi cikin Moi, un noir a 1958. Ganda bai tsaya yaron Rush ba, ya yi nasa finafinai, har ya ci babbar kyautar bukin Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981 shina da shekara 45 kacal. Rush ya rasu a 2004 cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, Mustafa Alhasan a 2015, Zalika Sule a 2021. Ita Zalika an yi sa'a, ƴar jarida Rahmatu Keita ta zauna da ita ta yi fim a kanta tun tana raye, ba ta kuma ɓoye wahalar da ta same ta ba bayan suna ya wuce.

Kirana ga ma'aikatar al'adu da gidan rediyon Muryar Sahel shi ne su ba samari masu rubutu na'ura da kuɗin mota, su je su zauna da waɗanda sunka rage: ƴan wasa, masu riƙe kamara, har da tsofaffin masu kunna majigi na Maraɗi, Damagaram da Tawa. A rubuta hirar da Hausa da Zabarmanci, a buga ta ƙananan littattafai, a kai cibiyoyin yaƙi da jahilci, inda ɗalibai ke gama karatu su rasa abin karantawa.