A Tuntuɓi Jama'a Kafin a Yanka Daji

Dokar filaye ta 1978 ta ɗora wa kowane gwamna riƙon ƙasar jiharsa amana saboda talakawa. Amma sau da yawa a ofis ake yanka dazuzzuka da wuraren kiwo, manomi da makiyayi ba su da labari sai sun ga an kafa turaku. Nan rigima ke samo asali.

A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, inda masu sarauta da manoma da makiyaya da mata ke zama tare su shata burtali da mashaya. Muna kira ga gwamnonin Arewa su kafa irinsu tun daga matakin gunduma, kuma kada a raba fili sai an saurari masu cin moriyarsa.