Kafin Ka Biya Mai Hoto, Tambayi Fitilarsa

Mu da ke tsallaken kogi, daga Kakuri zuwa Barnawa da Sabon Tasha, zaman karatunmu da ƙaddamar da littafi sau da yawa sai an kai magariba, ga wutar lantarki ba tabbas. Washegari a turo hotuna duk sun yi yashi-yashi, fuska ba ta fita ba, sai a ɗora wa kyamara laifi.

A ganina, ƙarancin haske ne. Kyamara haske take tarawa. In ya yi kaɗan, mai hoto kan ɗaga ISO daga 100 zuwa 3200 ko 6400. Kamar ƙure muryar rediyon da bai kama tasha sosai ba ne: magana ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Babbar kyamara mai sensa milimita 36 da 24 ta fi waya jure duhu, amma ita ma tana da iyaka. Yawan megafiksel ba ya maganin wannan.

Don haka kafin ka ba da kafin alƙalami, tambaye shi: da wace fitila zai zo? Gilashin kyamararsa na buɗewa har f/2? Hasken da yake shigarwa ya ninka na f/4 sau huɗu. Hoton bayan littafi kuwa, a ɗauke shi da hantsi a inuwa. Taro na yini ɗaya ne, amma fuskar nan za ta shekara goma a hannun masu karatu.

Allah ya ƙara basira.