Faifai Ya Fi Hula Dacewa da Matar da Ta Taɓa Haihuwa

A darasin ilmin halittu na sakandare akan jera hanyoyin tazarar haihuwa, a ambaci ƙwaya da allura da kwaroron roba. Daga ƙarshe sai a haɗa wasu abubuwa biyu a layi ɗaya kamar tagwaye: diyafaram, wato faifan roba, da kuma hular bakin mahaifa. Wannan haɗin gambiza kuskure ne, domin akwai matan da bambancin da ke tsakaninsu zai iya zame musu cikin da ba su shirya masa ba.

Manufarsu dai ɗaya ce, wato tare ƙwayoyin maniyyi kada su shiga mahaifa, kuma duka biyun ana shafa musu maganin kashe maniyyi kafin mace ta saka su da hannunta. A wajen zama suka sha bamban. Diyafaram kamar faifai yake a kan ƙwarya: yana da faɗi, gefensa mai lanƙwasuwa ne, yana tokare da bayan ƙashin mara daga gaba da kuma lungun bayan bakin mahaifa, ya rufe wurin baki ɗaya. Ita kuwa hula ƙarama ce, kan bakin mahaifar kaɗai take hawa ta manne. Sanin kowa ne hula sai ta yi daidai da kai take zama.

A nan gizo ke saƙa. Bakin mahaifar macen da ba ta taɓa haihuwa ba ƙarami ne, ƙofarsa kamar ɗigo. Da zarar jariri ya bi ta nan sai ya ƙara girma, ƙofar ta koma tsaga, siffarsa ta canza. Hular ba ta samun mazauni mai kyau, tana iya gocewa ba tare da matar ta sani ba. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa cikin mata 100 da ba su taɓa haihuwa ba masu amfani da hular, kimanin 16 kan ɗauki ciki a shekarar farko. Ga waɗanda suka taɓa haihuwa kuwa adadin ya kai kimanin 32, wato ninki biyu. Alƙaluman faifai suna tsakanin 12 da 17, kuma haihuwa ba ta rusa amfaninsa kamar haka, muddin an sake gwada wa mace girman da ya dace bayan mako shida da sauka. To, su wa ke zuwa asibiti neman tazara a ƙasar Hausa? Galibi matan aure ne masu goyo.

Ba a ce hula ba ta da abin yabo ba. Ana iya barinta har awa 48, alhali faifai bai kamata ya wuce awa 24 ba, kuma matsin da gefen faifai ke yi wa hanyar fitsari yakan jawo wa wasu mata ciwon sanyin mafitsara. Ta ma riga shi haihuwa: wani likitan Jamus, Friedrich Wilde, ya bayyana ta a 1838, shi kuwa faifai sai a shekarun 1880 Wilhelm Mensinga ya fito da nasa. Irin ta zamani mai suna FemCap, wadda Amurka ta amince da ita a 2003, girma uku take da shi: milimita 22 da 26 da 30.

Babban cikas ɗin faifai a da shi ne sai ƙwararriyar ma'aikaciyar lafiya ta auna mace. Ƙungiyar PATH ta rage wannan wahala da faifan Caya mai girma ɗaya da ke dacewa da yawancin mata, wanda aka gabatar a birnin Yamai a 2019. Ga mai shayarwa, ko wadda allura ke rikita wa jinin al'ada, wannan hanya ce da ba ta taɓa sinadaran jiki.

Sai dai wajibi ne malami ya faɗi sauran gaskiyar. Dukansu biyu ba su kama ƙafar allura ko robar da ake sakawa a dantse ba wajen hana ɗaukar ciki, kuma dole a bar su aƙalla awa 6 bayan saduwa. Ba sa kuma kare mutum daga ƙanjamau. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, aka buga a 2007, bai ga wata ƙarin kariya daga faifai ba, kuma yawan amfani da maganin kashe maniyyi mai nonoksinol-9 yana iya ƙuje fatar ciki har ya sauƙaƙa wa ƙwayar cutar shiga. Matar da ke da shakka game da lafiyar mijinta, kwaroron roba za a nuna mata tukuna.