MU ƊAGA KAI SAMA: Mutumin Da Ya Leƙa Ɗakin Haihuwar Taurari

In dare ya yi a lokacin hunturu, ku fito tsakar gida da yara ku nemi taurarin nan uku da suke jere, mafarauci da kare da zomo. Kaɗan kudu da su akwai waɗansu ƙanana, na tsakiyarsu kuwa dishi-dishi yake kamar hayaƙi. Wannan gajimare ne na iska da ƙura, haskensa yakan yi shekara wajen 1,350 a hanya kafin ya iso idonmu. A cikinsa ana haihuwar sababbin taurari. To, yaya aka yi aka sani, tun da ƙura ta rufe wurin?

A shekarar 1800 wani masani a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi ya fito da launukan bakan gizo, ya bi su ɗaya ɗaya da ma'aunin zafi. Da ya wuce ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ma'aunin ya hau fiye da ko'ina. Ashe akwai haske a can. Turawa suna ce masa infirared, mu sai mu ce hasken bayan ja. Shi ne kuke ji a fuska in kun matso kusa da dutsen guga mai zafi. Amfaninsa ga masanan taurari shi ne yana ratsa ƙurar da takan tare hasken da muka saba gani.

Amma auna shi daga sama da wuya. Kowane abu mai ɗumi yana fid da shi, har madubin hangen nesan kansa. Kamar a ce ka nemi hasken ashana da tsakar rana.

Nan Frank Low ya shigo. An haife shi a Amurka a 1933. Ba ilimin taurari ya karanta ba, fiziks ya yi, ya kama aiki a kamfanin Texas Instruments. A 1961 ya ƙera wani ɗan ma'auni da ma'adinin jamaniyam, wanda ake sanyayawa da ruwan hiliyam har sanyin ya kai wajen digiri 271 ƙasa da daskarewar ruwa. A cikin irin wannan sanyi, ko ɗan zafi ƙanƙani ya sauka a kansa sai ya nuna. Da ya ga abin ya yi, sai ya bar kamfanin ya koma wurin masu duban sama, daga baya ya zauna a Jami'ar Arizona. Ni dai wannan ne ya fi burge ni a labarinsa: maƙerin kayan aiki ne kafin ya zama masanin taurari. Iyayen da suke korar yaro don yana kwance rediyo su ji da kyau.

A 1967 shi da ɗalibinsa Douglas Kleinmann suka juya ma'aunin wajen gajimaren nan. Suka sami wani wuri wanda ba ya fitowa a hoto, amma ƙarfin da yake fitarwa ya kai na rana sau wajen 100,000. Ga yadda abin yake. Iska da ƙura sukan taru, nauyinsu ya riƙa jawo su ciki, suna matsuwa suna zafi, har tsakiyar ta kama ci ta zama tauraro. Ƙurar da ta lulluɓe jaririn takan shanye haskensa, ta yi ɗumi, ta sake shi a hasken bayan ja. Wato ba jaririn suka gani ba, ɗumin zanen goyonsa suka auna. Har yau da sunan su biyu ake kiran wurin.

Sauran wahala ɗaya, tururin ruwa da ke cikin iskarmu yana shanye yawancin wannan haske. Low bai tsaya jira ba. Ya sa ɗan madubi mai faɗin inci 12 a jikin wani ƙaramin jirgin sama, Learjet, ya hau bisa tururin. Daga can aka gane duniyoyin Jufita da Satan suna fid da zafi fiye da wanda suke samu daga rana.

Yana kuma cikin shugabannin aikin IRAS, tauraron ɗan adam da aka harba a Janairu 1983. Wata goma kawai ya yi aiki hiliyam ɗinsa ya ƙare, amma kafin nan ya duba kusan dukan sararin sama. Wani abin dariya, sun nufi tauraron Bega don su daidaita awonsu kurum, suna zaton sun san shi sarai. Sai ya fi yadda aka zata haske. Ashe ƙura ce kewaye da shi, irin wadda ba a taɓa gani a kewayen wani tauraro kamarsa ba.

Low ya rasu a 2009, bai ga babban madubin James Webb ba, wanda aka harba ranar Kirsimati ta 2021. Shi ma da hasken bayan ja yake dubawa, ya kuwa riga ya aiko da hotunan gajimaren nan na kusa da mafarauci.