Sharhi: Gasar Hasashen Labarai a Intanet da Ƙa'idojin Adalci da Ya Kamata Mu Sani

Duk mai riƙe da wayar salula a Kaugama, ko Malam Madori, ko cikin garin Haɗejiya, da wuya a ce bai taɓa cin karo da gasar canki-canka a Facebook ko WhatsApp ba. Wani lokaci tambayar ita ce wace ƙungiya za ta ci wasan ƙwallon ƙafa, wani lokaci kuma wane ne zai lashe zaɓe, ko nawa litar man fetur za ta kai a ƙarshen wata. Wanda ya canka daidai akan yi masa alkawarin katin waya ko 'yan kuɗi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki abin a matsayin nishaɗin matasa kawai, amma a wasu ƙasashe ya zama babbar kasuwa wadda ake juya miliyoyin daloli a cikinta, kuma guguwarsa ba ta da nisa da mu, musamman ganin yadda hankalin jama'a ya karkata ga babban zaɓen 2027.

Idan za a iya tunawa, a ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a kan ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, inda ta ce dokar tarayya ta 2005 mai kula da harkar caca ba ta aiki a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ma'ana, sa ido a kan irin waɗannan wasanni ya rataya ne a wuyan jihohi. Wata guda kafin nan, Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. To amma shago yana da ƙofar da za a garƙame, wayar da ke aljihun yaro kuwa ba ta da ita. Wannan ne ya sa ya zama wajibi iyaye da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san yadda ake rarrabe gasa mai tsafta da tarkon masu damfara.

Da farko dai ya kamata a fahimci cewa hasashe daban, duba daban. Sanin gaibu sai Allah. Amma manomin da ya dubi gabas ya ga yadda hadari ya haɗo, ya ce da alama yau za a sha ruwa, bai yi bokanci ba, ya yi amfani da hankali ne da gogewa. A ƙasar Amurka ma, daga 2011 zuwa 2015, an gudanar da wata babbar gasar hasashen al'amuran duniya, inda ayarin 'yan sa-kai ƙarƙashin jagorancin Farfesa Philip Tetlock ya yi zarra, ba tare da ɗayansu ya zuba ko sisin kwabo ba. Abin da aka auna shi ne zurfin tunani da bin labarai da natsuwa. Saboda haka gasar a karan kanta tana iya zama makaranta. Abin da ke mayar da ita alheri ko sharri shi ne ƙa'idojin da aka gina ta a kansu.

Ƙa'ida ta farko ita ce kada ɗan gasa ya zuba kuɗi. Idan wanda ya shirya gasar ne ya ajiye kyauta daga aljihunsa, kowa kuma ya shiga ba tare da biyan komai ba, to wanda ya faɗi bai yi asarar komai ba. Amma da zarar an ce kowa ya kawo naira ɗari, wanda ya canka ya kwashe, to an tsallaka zuwa caca, ko da wane suna aka laƙaba mata. Jiharmu ta Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma hukuncin caca a bayyane yake a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Har ila yau, waɗanda suka ga yadda MMM ta rushe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da yadda CBEX ta yi a Afrilun 2025, ba sa buƙatar dogon bayani game da miƙa kuɗi ga wanda ba a san fuskarsa ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce lokacin rufewa. Mu mutanen bakin kogi mun san dokar ranar su: kowa ya tsaya a gaɓa da homarsa da gorarsa, babu mai taɓa ruwa sai an ba da izini, wanda kuwa ya saci jiki ya shiga da dare ba a kiran sa gwanin masunta. Haka nan gasar hasashe. Dole a bayyana rana da sa'ar da za a daina karɓar amsa, a rufe tun kafin labarin ya fito, kuma kada a bar kowa ya gyara amsarsa ko ya goge ta bayan an rufe.

Ƙa'ida ta uku, wadda ta fi shafar ma'aikata da masu riƙe da muƙamai, ita ce wanda ya riga ya san amsa, ko yake da ikon sauya ta, ba ya shiga gasa. A nan ne manyan kasuwannin hasashe na duniya suka fi shan suka. A watan Oktoban 2025, sa'o'i kaɗan kafin a sanar da Maria Corina Machado ta ƙasar Benezuwela a matsayin wadda ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya, sai aka ga masu zuba kuɗi a dandalin Polymarket sun yi ca a kan sunanta, har masu kula da kyautar a ƙasar Norwe suka ce za su bincika ko sirrin ya fita ne. A farkon Janairun 2026 kuma, wani sabon asusu a wannan dandali ya zuba kuɗi a kan cewa shugaban ƙasar ta Benezuwela, Nicolas Maduro, zai bar mulki, jim kaɗan sojojin Amurka suka kama shi, mai asusun ya kwashi fiye da dala 400,000. A nan gida kuwa ba mu manta da abin da ya faru a Bauci cikin Yulin 2013 ba, lokacin da ƙungiyoyin ƙwallo biyu masu neman hayewa gaba suka tashi wasanninsu da ci 79 da nema da kuma 67 da nema, lamarin da ya sa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da 'yan wasan har abada. Sakamakon da aka shirya a bayan fage ba sakamako ba ne.

Darasin a gare mu a fili yake. Ma'aikacin sakatariya da takardar naɗe-naɗe ta bi ta teburinsa, ko wanda ya san ranar da za a fara rabon takin zamani, ko malamin zaɓe da ke tattara ƙuri'u, abin da ya sani amana ce ta ofis. Idan ya shiga gasa da shi, ko ya raɗa wa ƙanensa ko abokinsa, ya ci amana sau biyu: ya cuci sauran 'yan gasa, ya kuma tona asirin aikin da aka damƙa masa. Haka shi ma mai shirya gasar da iyalinsa, bai kamata su shiga ba, domin ba a ba kura ajiyar nama.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce a fayyace tambaya, a kuma faɗi alƙali tun kafin a fara. A tsakiyar 2025 an yi ta cacar baki a Polymarket kan ko shugaban Yukren, Volodymyr Zelensky, ya sa kwat ko bai sa ba a wani taro a ƙasar Holan, saboda ba a yi bayanin irin tufar da za a kira kwat ba, alhali an zuba maƙudan kuɗi a kan maganar. Abin ya yi kama da almara, amma a kwatanta shi da namu. Idan aka ce a canki farashin gero a ƙarshen wata, to a wace kasuwa, Gujungu ko Maigatari? Buhu ko tiya? Farashin safe ko na la'asar? Wa zai rubuta? Idan zaɓe ne, sanarwar hukumar zaɓe ce kaɗai abin dogaro, ba takardar da wani ya ɗauka a waya ba. Tun ran gini, ran zane.

Ƙa'ida ta biyar ita ce mutum ɗaya, amsa ɗaya. Mai layukan waya biyar da ya aika amsoshi biyar mabambanta bai yi hasashe ba, ya baza koma ne kawai. Kuma wajibi ne a bayyana sunan wanda ya ci da yadda aka ƙirga maki. Bugu da ƙari, babu gasar gaskiya da za ta nemi lambar BVN, ko lambar sirrin katin banki, ko lambobin da banki ke turowa ta saƙo. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai karɓar bayanan mutane alhakin tsare su da kuma faɗin abin da zai yi da su.

Ƙa'ida ta shida ita ce akwai abubuwan da ba a gasa a kansu, kuma ita ce ta fi muhimmanci ga yankinmu. A wani wuri ambaliya labari ce da ake kallo a talabijin. A ƙasar Haɗejiya kuwa magana ce ta gonar shinkafa da rumbu da katangar gida, kamar yadda muka gani a 2018 da 2020 da kuma 2022. Ruwan da ke zuwa mana yana da alaƙa da madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano, da kuma ciyawar kacalla da ke toshe hanyoyinsa. Ranar da aka mayar da sakin ruwan dam abin canki-canka, to an samar da mutanen da ribarsu ke cikin aukuwar masifa, an kuma buɗe ƙofar jita-jita. Saƙo ɗaya na ƙarya yana iya sa magidanci ya karyar da amfanin gonarsa da arha, ko ya kwashe iyali ba gaira ba dalili. Mafi muni, idan ƙarya ta yawaita, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo sai a yi kunnen uwar shegu da shi. Haka mutuwar wani, ko rikicin manoma da makiyaya, ko gadon sarauta, duk ba abin wasa ba ne.

Hasashen da za a gina shawarar noma ko ta ƙaura a kansa yana da masu shi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Su ma ba su cewa tabbas, sai dai su ce akwai yiwuwa mai ƙarfi ko mai rauni. Abin sha'awa, hanyar ba da maki da gasannin hasashe na ilimi ke amfani da ita wani masanin yanayi ne mai suna Glenn Brier ya tsara ta a 1950. A tsarin, ɗan gasa zai faɗi iya tabbacinsa, misali kashi 70 cikin 100. Wanda ya bugi ƙirji ya ce kashi 100 kuma abin bai faru ba, shi ne mai babbar asara, mai taka-tsantsan kuwa asararsa kaɗan ce. Gasar da ke koya wa matasanmu wannan ɗabi'a ta auna magana kafin furta ta, ta yi mana aiki.

Daga ƙarshe, muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da malaman makaranta, su riƙa tambayar matasa irin gasannin da suke shiga, su auna su da waɗannan ƙa'idoji shida. Shugabannin sassa a ƙananan hukumomi su tunatar da ma'aikatansu cewa sirrin ofis ba jarin gasa ba ne. Manomanmu kuma, a duk lokacin da labarin ruwa ya zo ta waya, su tuntuɓi malamin gona ko sakatariyar ƙaramar hukuma, su saurari rediyo, kafin su ɗauki mataki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da sharrin jita-jita, amin.